Masu dafa zinariya da masu fasa rubutun sirri a Bagadaza

Kalmar nan kimiyya da muke ta faɗa kullum, yaro ya ce shi ɗan ajin kimiyya ne, gidan rediyo su ce kimiyya da fasaha, asalinta fa ba haka take da faɗi ba. A bakin Larabawan da, alkimiya sana'a ce guda ɗaya, wato a ɗauki ƙarfe mai arha irin dalma ko jan ƙarfe a yi ta dafa shi ana sarrafawa har ya koma azurfa ko zinariya. Haka ma sifiri da muke koya wa yara a lissafi, Turawa sun are ta daga Larabci, ta yi ta yawo a bakinsu har ta zama sunan da suke kiran rubutun sirri da shi. To waɗannan ilimai biyu, na dafa zinariya da na ɓoye saƙo da tono shi, a ƙasa ɗaya suka yi ƙarfi, Iraƙi ta zamanin Abbasiyawa, wani lokacin ma mutum ɗaya ne yake da baki a duka biyun. Abin da ya daɗe yana damuna shi ne me ya sa ɗaya ya miƙe har ga shi yau a cikin wayar da ke hannunka, ɗayan kuma ya shekara ɗaruruwa yana zagaye wuri ɗaya, alhali masu yinsa ba su fi waɗancan ƙarancin basira ba.

Bari mu fara da na rubutun, don shi duk wanda ya yi zaurance yana yaro ya riga ya san rabinsa. Wasu su cusa wata gaɓa bayan kowace gaɓa, wasu su juya kalmar gaba ɗaya gida ya koma dagi, Kano ta koma Noka, don kar babba ya gane abin da ake ƙullawa. Manyan hanyoyin ɓoye rubutu na mutanen da ma kusan nan suka tsaya, ko dai ka hargitsa jerin haruffan, ko kuma ka canja kowane harafi da wata alama, alif ya zama tauraro, ba ta zama gicciye, haka har ƙarshe. Daular da ta taso daga Arewacin Afirka har Khurasan dole ta buƙaci wannan, domin wasiƙar halifa zuwa ga gwamna sai ta yi makonni a hanya bisa dabba, kuma ko'ina akwai mai son ya san abin da ke ciki, ga maganar haraji, ga ta yaƙi, ga rahoton 'yan leƙen asiri da masu kula da gidan waya na wancan lokacin suke aikowa fada. Kuma mutane sun ɗauka in dai ka canja haruffa da alamomin da kai da abokinka kaɗai kuka sani shi kenan ka rufe ƙofa, don in mutum ya ce zai gwada duk yadda za a iya jera haruffa 28 ɗaya bayan ɗaya, har jikokinsa su mutu bai yi ko kusa da farawa ba.

Sai ga Abu Yusuf Yaƙub ɗan Is'haƙ al-Kindi. A Kufa aka haife shi, mahaifinsa ne gwamnan garin, ya zauna Bagadaza ya zama malamin Ahmad ɗan halifa Mu'utasim, ya rasu wajen shekarar 870. Ya rubuta 'yar risala a kan yadda ake fito da ɓoyayyen rubutu, kuma dabarar da ya kawo in ka ji ta sai ka ce ai ni ma da na gano, amma kafin shi babu rubutun da ya iso mana da ya faɗe ta. Ya ce ka manta da gwaje-gwaje, ka nemo wani dogon rubutu na fili a wannan harshen ka ƙirga kowane harafi sau nawa ya fito, ka jera su daga mai yawa zuwa mai kaɗan. Sannan ka koma kan ɓoyayyen ka ƙirga alamominsa haka nan. Alamar da ta fi yawa, to mai yiwuwa ita ce harafin da ya fi yawa a harshen. Kuma bai tsaya a faɗa da baki ba, shi da kansa ya zauna ya ƙirga wani rubutu mai haruffa kusan 3,700, alif ya fito sau 600, lam wajen 400, mim 320, irin su za mai ɗauri da gain kuma can ƙasa 'yan ƙalilan.

Gwada da Hausa ka gani. Ɗauki karin maganar nan, rana ba ta ƙarya sai dai uwar ɗiya ta ji kunya. Haruffa 36 ne, harafin a shi kaɗai ya fito sau 12, kashi ɗaya cikin uku kenan. To ko da me ka canja shi, ko zanen kifi ka sa a madadinsa, kifin nan zai cika takardar, mai karatu ya ce wannan a ce. Daga nan sai ya duba ƙananan kalmomi masu harafi biyu da ke ƙarewa da kifi, ya san ba za su wuce da, ta, ba, na, ya, ka ba, ya tuna kuma yawancin kalmomin Hausa da wasali suke ƙarewa, kafin ka ankara ya kama bakin zaren. Mai ɓoyewa ya canja wa haruffa riga ne kawai, halin harshen yana nan yadda yake.

Al-Kindi ya san ƙirgen ba ya aiki sosai in saƙon gajere ne, shi ya sa ya ƙara wasu dabaru, haruffan da ke yawan zama maƙwabta kamar alif da lam, da waɗanda ba sa haɗuwa a kalmar Larabci ta asali, irin jim da ƙaf, in kuma waƙa ce aka ɓoye to karinta ma zai taimake ka. Akwai kuma kalmar da kowa ya san dole ta fito. Ana ba da labarin Khalil ɗan Ahmad na Basra, mai ƙamus ɗin nan na farko a Larabci, cewa an kawo masa wasiƙar da ba a iya karantawa ba, ya ce ai dole da sunan Allah aka buɗe ta, daga haruffan wannan buɗewar ya warware sauran. Da wasiƙar Bahaushe ce da "bayan gaisuwa mai yawa" za a fara nema. Ruwa dai ba ya tsami banza, mutanen da suka riga suka ƙirga ayoyi da kalmomi da haruffan Alƙur'ani, suka tsara ƙamus ta hanyar jujjuya haruffa uku su ga kalmomi nawa za su bayar, suka auna karin waƙa, ba abin mamaki ba ne a ce a cikinsu wannan tunanin ya tsiro.

Abin da nake so a riƙe a nan shi ne waɗanda suka biyo baya sun ɗora a kai. Ibn Adlan, haifaffen Mausil da ya rasu a Alƙahira a 1268, ya tsara ƙa'idoji 20, har ya ce saƙo ya kai kamar haruffa 90 kafin ka dogara da ƙirge, wato ninki uku na yawan haruffan harshen. Ibn Duraihim a ƙarni na 14 ya tattaro hanyoyin ɓoyewa iri-iri. Alƙalƙashandi, magatakarda a fadar Mamluk ta Masar, ya kwashe bayaninsa ya zuba a Subhul A'asha, kundin nan mai juzu'i 14 da ya kammala a 1412 don koyar da aikin rubutun fada. A cikin wannan kundin ne fa aka adana wasiƙar da Mai na Borno Usman ɗan Idris ya aika wa Sultan Barƙuƙ wajen 1391 yana kukan Larabawan da ke kama mutanensa suna sayarwa, ka ga ofishin da ke koyar da fasa rubutun sirri shi ne dai ofishin da wasiƙun yankinmu ke sauka. A kundin nan ne kuma Alƙalƙashandi ya kawo tawadar da ba a gani, a yi rubutu da ruwan albasa ko da madara da aka gauraya da wani gishiri mai suna nushadir, takarda ta bushe fes kamar ba komai, sai an kara ta kusa da wuta rubutu ya bayyana. Nushadir ɗin nan kayan aikin masu alkimiya ne, ka ga inda sana'o'in biyu suka gaisa.

To shi wannan al-Kindin, da aka zo maganar dafa zinariya cewa ya yi atafau ba ta yiwuwa, har ya yi rubutu yana tona yaudarar masu da'awarta. Amma kar mu yi saurin cewa masu alkimiya wawaye ne ko mahaukata, wallahi abin da idonsu ke gani ya isa ya sa mai hankali ya yarda. Tozalin nan da mata ke sawa, dutsen dalma ne, in aka narka shi aka yi ta hura masa wuta a cikin kaskon toka dalmar sai ta tafi a bar ɗan ɗigon azurfa yana ƙyalli, wanda bai san azurfar tana ciki tun farko ba me zai ce in ba dalma ta haifi azurfa ba? Jan ƙarfe in aka dafa shi da wata irin ƙasa sai ya fito rawaya kamar zinariya. Ƙarfe in ka tsoma shi a ruwan wani shuɗin gishiri sai ka ciro shi ya yi ja, sai ka ce ya koma jan ƙarfe. Ga kuma bayani da ya yi daidai da duk wannan, cewa ƙarafa duka 'ya'yan uwa ɗaya uba ɗaya ne, zaiba da farar wuta ne suka haɗu a cikin ƙasa suka yi ta nuna shekara da shekaru, in sun haɗu da tsabta kuma daidai gwargwado sai a samu zinariya, in an samu datti ko gwargwadon ya karkace sai a samu dalma ko baƙin ƙarfe. Kenan dalma zinariya ce mara lafiya, abin da ake nema magani ne da za a barbaɗa mata ta warke, shi suke kira iksiri.

Sunan da ya fi tashe a nan Jabir ɗan Hayyan, wanda ake cewa ya zauna Kufa ya rasu wajen 815. Littattafan da ke ɗauke da sunansa ɗaruruwa ne, tun a 987 mai littafin Fihrist ya kawo cewa akwai masu tantama a kansa, a 1942 da 1943 kuma wani masani Paul Kraus ya fitar da bincike yana cewa aikin ƙungiyar mutane ne da suka yi ta rubutu da sunansa bayan zamaninsa. Ko ma wane ne ya riƙe alƙalamin, akwai aikin hannu na gaske a ciki, tatsar ruwa ta hanyar tururi, ƙona abu har ya zama gari, fitar da nushadir daga gashi da jini.

Amma ga inda abin ya fi ɗaukar hankalina. Su ma mutanen Jabir ƙirga haruffa suke yi! Suna da abin da suke kira ilimin mizani. Sun ce kowane abu yana da ɗabi'u huɗu, zafi da sanyi da bushewa da danshi, kuma in kana so ka san gwargwadon kowace a jikin ƙarfe to ka duba haruffan sunansa. Suka raba haruffa 28 gida huɗu, bakwai-bakwai, bisa jerin abajada, alif zafi, ba sanyi, jim bushewa, dal danshi, a sake zagayowa. Dalma sunanta usrub, sai a ɗauki alif da sin da ra da ba a ba kowanne nauyinsa gwargwadon inda ya faɗo a kalmar, a ce ga abin da ke cikinta, ga abin da za a ƙara ga wanda za a rage. Kuma sun ce ɗabi'un nan suna tafiya ne a kan 1 da 3 da 5 da 8, jimla 17. Duk wanda ya taɓa ganin hatimin nan mai gida tara a hannun malaman zaure, layin sama 4, 9, 2, na tsakiya 3, 5, 7, na ƙasa 8, 1, 6, ta ko'ina ka haɗa 15, to ya duba kusurwar ƙasa, 3 da 5 da 8 da 1 na zaune wuri ɗaya sun ba da 17, ragowar gidaje biyar ɗin kuma in ka tara su 28 ne cif, yawan haruffan Larabci. Wasu masana na ganin daga nan lambobin suka fito, kuma hatimin yana cikin rubuce-rubucen Jabir ɗin, an kawo shi a matsayin abin sauƙaƙa naƙuda. Abin yana da kyau a ido ba ƙarya, na fahimci yadda mutum zai gan shi ya ji kamar ya leƙa asirin halitta.

Sai dai duba bambancin. Al-Kindi ya ƙirga haruffa don ya san halin rubutu, kuma rubutu da haruffa aka yi shi. Su kuma sun ƙirga haruffa don su san halin ƙarfe, ƙarfe kuwa bai san sunan da aka raɗa masa ba, Balarabe ya ce usrub, Bahaushe ya ce dalma, a wuta ɗaya za ta narke. Sun yi imani suna ba haka kawai yake faɗowa a kan abu ba, a nan ƙafarsu ta zame.

Kuskure kuwa ba shi ne matsalar ba, kowane ilimi da kuskure yake farawa. Ba a nan gizo ke saƙar ba. Matsalar ita ce yadda suka rubuta abin ya hana a kama kuskuren. Ba sa kiran abu da sunansa, zinariya rana ce, azurfa wata, dalma tauraron Zuhal, baƙin ƙarfe tauraron Mirriku, nushadir gaggafa saboda yana tashi sama in ya ji wuta, zaiba bawa mai gudu. Da a ce kowa ya yarda da suna ɗaya da sauƙi, amma abu ɗaya sai ya samu sunaye goma, suna ɗaya kuma ya hau kan abu uku. Littattafan Jabir ma sun faɗa ƙarara cewa da gangan suke warwatsa ilimin, rabin bayani a wannan littafi, rubu'i a wancan, ragowar a wani can daban, sai wanda ya cancanta ya tattaro. Suna da dalilansu kuma ba na banza ba ne, suna tsoron in kowa ya iya to dinari ya zama ƙasa kasuwa ta rushe, suna tsoron azzalumi ya samu, suna kuma tsoron sarakuna, don mai mulki in ya ji kana dafa zinariya ba zai bar ka ka kwana a gidanka ba. Ko a Turai can baya-bayan nan sarkin Saksoni ya tsare wani matashi Böttger a kan sai ya yi masa zinariya, ƙarshe tangaran ɗin Meissen aka samu a hannunsa wajen 1710.

Yanzu ka ɗauka kai ne ɗalibi. Ka sayar da gonarka ka sayi kwalabe da gawayi da zaiba, ka bi littafi sawu da ƙafa wata shida, ka buɗe tukunya ka tarar da baƙin gari. Wa za ka zarga? Littafin ya riga ya gaya maka cewa jahili ba zai gane ba. Dole ka ce ni ne ban fahimci gaggafar da ake nufi ba, ka sake sabon lale. Mutum dubu za su faɗi a rami ɗaya kuma babu wanda faɗuwarsa za ta zama hujja a kan littafin, kowa kansa yake tuhuma. Mai fasa rubutun sirri kuwa ba shi da wannan mafakar, ko dai wasiƙar ta karantu ta ba da ma'ana ko ba ta karantu ba, in ƙirgen al-Kindi ƙarya ne duk mai takarda da alƙalami zai kama shi kafin la'asar. Ilimin da aikinsa sirri ne an rubuta hanyarsa a fili da lambobi, ilimin da ya shafi dutse da ƙarfe da kowa ke iya taɓawa kuma an rubuta shi cikin zaurance. Ni a ganina wannan shi ne ya raba su.

Duhun nan kuma ya yi wa 'yan damfara daɗi. Aljaubari, mutumin Dimashƙa a ƙarni na 13 da ya yi littafi sukutum a kan dabarun mayaudara, ya kawo labarin wani baƙo da ya goge dinari 1,000 ya zama gari, ya cuɗa da gawayi da wasu tarkace ya mulmula ƙwallaye, ya kai wa wani mai sayar da magunguna a kan 'yan dirhami ya ce sunansa tabarmak na Khurasan. Sannan ya bari labari ya kai kunnen Sultan Nuruddin cewa ga masanin alkimiya ya sauka a gari. Da aka kira shi fada ya rubuta kayan da za a sayo har da tabarmak, ya ce shi ba zai taɓa komai da hannunsa ba, su da kansu su zuba. Aka hura wuta, zinariya ta kwanta a gindin tukunya. Aka koma neman ƙarin tabarmak babu, ya ce ai ya san kogon da yake a Khurasan, sultan ya haɗa masa dukiya da guzuri, mutumin ya yi layar zana. Duk wanda ya san labarin masu wankin baƙin kuɗi da masu ninka kuɗi na zamaninmu ya san dabarar ba ta tsufa ba, a fara ba ka ɗan na gaske ka gani da idonka, sannan a ce sinadarin ne ya ƙare.

Ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Abubakar Arrazi, likitan nan na Rayy da Bagadaza da ya rasu wajen 925, ya yarda ana iya juya ƙarfe, har raddi ya yi wa al-Kindi. Amma da ya zo rubutu sai ya rubuta kamar mai lissafin kayan shago, ya kasa abubuwa na ƙasa da na tsiro da na dabba, na ƙasan ya sake kasa su shida, masu tashi a wuta guda huɗu, ƙarafa bakwai, duwatsu, da dangogin gishiri har da irin kanwarmu, ya lissafa tukwane da kwalabe da murhu da abin tacewa, ya ce auna kaza ka dafa kwana kaza. Littafin ana ce masa na asirai amma kusan shi ya fi kowanne fitowa fili, kuma irin wannan ɓangaren ne ya yi amfani daga baya. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya ce iyakar abin da za su iya shi ne rini, su mai da jan ƙarfe fari ya yi kama da azurfa har ya ruɗi gwani, amma ainihinsa na nan. Attugra'i, wani mai alkimiya da ya zo bayansa, ya mayar masa da martani. Ibn Khaldun a Muƙaddima ya bi bayan masu ƙaryatawa, har ya lura cewa Ibn Sina mai musun abin waziri ne mai wadata, Alfarabi mai yarda da shi kuma talaka ne. Maganar tana da zafi amma akwai gaskiya a ciki, wanda babu ta ƙure shi ya fi saurin yarda akwai gajeriyar hanya.

A 1144 aka fara fassara littafin alkimiya daga Larabci zuwa Latin a Sifaniya, Turawa suka karɓa har da halin ɓoye-ɓoyen, su zana koren zaki yana cin rana, sarki da sarauniya a cikin baho. Fafaroma ya yi doka a kan masu zinariyar jabu a 1317, Ingila ta haramta a 1404, duk bai hana ba, Isaac Newton kansa ya bar rubutun alkimiya mai kalmomi wajen miliyan ɗaya. Wani farfesa a Amurka, Lawrence Principe, ya zauna ya warware wasu daga cikin waɗannan zaurance ya gwada su a ɗakin gwaji, ya tarar da yawa bayanin aiki ne na gaske, har wani abu mai kama da bishiya da suka ce yana tsirowa a kwalba ya gan shi ya tsiro. Wannan ya ƙara min baƙin ciki ne ma, don yana nufin mutanen sun ga abubuwa na haƙiƙa, amma kowane sabon ɗalibi sai ya ƙarar da rabin rayuwarsa yana neman abin da malaminsa ya riga ya sani. Sai da aka koma kiran abu da suna ɗaya, ana aunawa a sikeli ana bugawa kowa ya gwada, sannan kemistiri ya miƙe, a 1789 Lavoisier ya fitar da jerin abubuwa 33 da ya ce ba sa rabuwa zuwa wani abu, zinariya na ciki.

Yau mun san abin da ya raba dalma da zinariya yana can cikin tsakiyar ƙwayar zarra, dalma na da furoton 82 zinariya 79, wutar murhu kuwa ko ta shekara dubu tana ci ba ta isa wurin. Ibn Sina ya yi daidai a kan wutarsu, su kuma ba su yi ƙarya ba da suka ce asalin ƙarafa ɗaya ne. A 2025 cibiyar binciken kimiyya ta CERN da ke Turai ta sanar cewa a na'urarta ƙwayoyin dalma sun koma zinariya, amma abin bai kai ƙwayar ƙura ba kuma nan take yake tarwatsewa.

Shi ma ɓangaren rubutun sirri ya yi nasa barcin, risalar al-Kindi ta yi ƙarnoni a ajiye a Istanbul ba a san da ita ba sai da masu bincike a Dimashƙa suka buga ta a 1987. Amma da yake a fili ya rubuta, ranar da aka buɗe ta aka gane ta. Masu wannan fanni ma daga baya sai suka mai da fitowa fili doka, a 1883 Auguste Kerckhoffs ya ce tsarin ɓoye saƙo nagari shi ne wanda ko abokin gaba ya san yadda yake aiki ba zai iya buɗewa ba in dai ba shi da mabuɗin. Tsarin da WhatsApp ke rufe saƙonka da shi a buge yake, duk mai iyawa ya je ya nemi laifinsa, mabuɗin kaɗai ne ke wayarka.

Mu ma muna da gadon wannan wasa da haruffa. Marubuta waƙoƙin ajami kan rufe waƙa da ramzi, kalma ɗaya da in ka tara haruffanta za ta ba ka shekarar da aka yi ta. A hisabin da muka gada daga Magrib shin 1000 ne, ra 200, ya 10, ha 8, ka ga 1218 kenan, shekarar hijirar Shehu zuwa Gudu. Ba wa mutumin gabas waɗannan haruffan, shi a wurinsa shin 300 ne, sai ya ce maka 518. Wannan sirri ne mai mabuɗi, in an koya maka ka iya har abada. Wanda ke ci min rai shi ne ɗayan, na laƙani da haɗin magani da tsoho zai riƙe ya ce yaro bai isa ba tukuna, har a wayi gari an kai shi makwanci da abinsa, ba a san na gaske ne a amfana ba, ba a san kuskure ne a gyara ba.

Akwai Bakatsinen da ya tsaya a tsakiyar waɗannan hanyoyi biyu, Muhammadu ɗan Muhammadu Alfulani Alkashinawi. Ya bar gida ya yi aikin hajji ya zauna Alƙahira yana koyarwa, ya yi rubutu a kan hisabi da taurari da ilimin haruffa. A cikin aikinsa akwai ƙa'idojin gina hatimi mai gidaje mara, uku-uku, biyar-biyar, bakwai-bakwai, lissafi tsantsa wanda ɗan sakandare zai iya bi da fensir ya tabbatar da kansa, kuma a wuri guda yana yi wa ɗalibi nasiha ya yi aikinsa a ɓoye kar ya watsa asirin haruffa ga kowa. Ya rasu a 1741 a gidan Hasan Aljabarti, mahaifin masanin tarihin Masar ɗin nan Abdurrahman Aljabarti, shi ya bar wa wasiyyar littattafansa. Kwafin rubutunsa na hatimi mai ɗauke da shekarar 1732 yana laburaren SOAS a Landan.